Wa Ke Ciyad da Ɗalibi? Tarihin Abinci a Jami'o'in Nijeriya

Hausawa sun ce, da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Duk wanda ya taɓa zama a ajin yaƙi da jahilci da la'asar, bayan ya wuni gona ko kasuwa, ya san gaskiyar wannan magana, gama in ciki na kuka, baƙi ba ya zama a ka. To, haka abin ya ke har ga ɗaliban jami'a, watau makarantar nan da babu wata bisa gare ta. Nufinmu a nan mu ba da tarihin abincin waɗannan ɗalibai a Nijeriya: abin da su ke ci, da wanda ke biyan kuɗinsa, da yadda maganar tuwo ta yi tsanani har aka zub da jini a kanta sau biyu.

Kafin Zuwan Boko

Tun kafin Turawa su zo ƙasar nan akwai masu neman ilmi mai zurfi, su kan bar garuruwansu su tafi Katsina, ko Kano, ko Zazzau, ko Barno, su zauna gaban malami shekara da shekaru. Mutumin da ya ba da yininsa ga littafi kuwa ba shi da lokacin noma isasshe, saboda haka tilas wani ya ɗauki nauyin cikinsa. A ƙasar Hausa gari ne ya ɗauka. Ƙananan almajirai su kan bi gidaje da ƙoƙo, manya su kan taya malam aikin gona da damina, ko su yi ɗinkin hula, attajirai kuma su kan aiko da zakka da sadaka. Abincin ba shi da tabbas: yau tuwon dawa da miyar kuka, gobe ɗumame, jibi fura tsurarta.

Waɗanda su ka yi nisa har su ka kai Masar sun tarad da wata dabara dabam. A masallacin Azhar na birnin Alƙahira, wanda aka soma gininsa a shekarar 970, sarakuna da masu dukiya sun yi wakafin gonaki da gidaje, daga abin da a ke samu cikinsu a ke raba wa ɗalibai gurasa. An kuma yi wa mutanen kowace ƙasa sashensu na kwana, har da na mutanen Barno. Ka ga ke nan, tun da can masu hankali sun gane ciyad da ɗalibi wani yanki ne na aikin koyad da shi.

Zamanin Babbar Tukunya

Jami'ar farko ta boko a Nijeriya a Badun aka buɗe ta, cikin shekarar 1948, da ɗalibai 104 waɗanda aka kwaso daga babbar kwalejin Yaba ta Ikko. Turawan da su ka shirya ta sun bi tsarin tsofaffin jami'o'in Ingila, inda ɗalibi ke kwana, ya ci, ya sha, duk cikin makaranta. Aka gina manyan gidajen kwana, kowanne da ɗakin girkinsa da ɗakin cin abincinsa. Ɗaya daga cikinsu ma sunan Sarkin Musulmi Bello aka sa masa. A shekarun farko ɗalibi zama kawai ya ke yi a tebur, ma'aikata su kawo masa abinci, su kwashe kwanuka, har wanki ma yi masa a ke yi.

Da aka sami mulkin kai sai jami'o'i su ka ƙaru. Aka buɗe ta Nsukka a 1960, ta Ikko da ta Ife a 1962. Ran Alhamis, 4 ga watan Oktoba na 1962, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da ɗalibai 426. Dukansu sun ɗauki al'adar ciyad da ɗalibai, sai dai da jama'a ta yi yawa aka bar kai abinci tebur. Ɗalibi ya kan sayi tikiti, ya ɗauki faranti, ya shiga layi, ya miƙa tikitinsa a zuba masa.

Waɗanda su ka yi karatu a wannan zamani har yanzu ba su gajiya da ba da labarinsa. Da safe akwai shayi da burodi da ƙwai, ko koko da ƙosai. Da rana da dare akwai shinkafa, da wake, da doya, da teba, kowanne da nama ko kifi. Ran Lahadi kuwa ranar dafa-duka ce da kaza, har wanda ya yi niyyar fita gari ya kan dakata sai ya ci tukuna. Kuɗin da ɗalibi ke biya bai kai abin da aka kashe ba ko kusa, Gwamnati ce ke cika sauran. Da yawansu ma ba daga aljihunsu su ke biya ba, don gwamnatocin jihohi sun ɗauke musu da kuɗin sukolashif.

Amma kada mai karatu ya zaci babu ƙorafi. Tukunya ɗaya ce a ke dafa wa ɗaruruwan mutane waɗanda ba tarbiyyarsu ɗaya ba. Bahaushe na marmarin tuwo da miyar yauƙi, Bayarabe na son amala da barkono mai zafi, mutumin Gabas na neman sakwara da miyar agushi, ga kuma Musulmi da ke son su tabbata yankan halal ne, su sami sahur da buɗa-baki in azumi ya kama. Kuku ɗaya ba ya iya gamsad da waɗannan duka. Har wa yau kuma, duk inda buhunan shinkafa da garwanin mai su ka taru a sito ɗaya, ba a rasa zargin cewa wani na ɗiba.

Ranar Baƙin Ciki a Badun

Irin wannan zargi ne ya jawo masifa ta farko. A farkon shekarar 1971 ɗaliban gidan kwana na Nnamdi Azikiwe a Jami'ar Badun su ka kai kuka cewa abincinsu ya lalace, su ka nemi a kawad da matar da ke shugabancin ɗakin girkinsu. Da su ka ga hukumar jami'a ba ta biya musu bukata ba sai su ka fito zanga-zanga, aka kira 'yan sanda. Ran Litinin, 1 ga watan Fabrairu, 'yan sanda su ka buɗe wuta, harsashi ya sami wani ɗalibi mai koyon aikin gona, sunansa Kunle Adepeju, ya mutu. Shi a ke lissafawa ɗalibi na farko da 'yan sanda su ka harbe cikin jami'a a Nijeriya. Ƙasa ta girgiza ƙwarai, Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta sa aka yi bincike, daga baya kuma aka sa wa ginin ƙungiyar ɗaliban Badun sunan mamacin.

Rikicin 1978

Bayan wannan sai kuɗin man fetur ya tashi a duniya a 1973, baitulmali ya cika. A 1975 Gwamnati ta ƙudura kafa sababbin jami'o'i bakwai, a Kano, da Sakkwato, da Maiduguri, da Jos, da Ilori, da Kalaba, da Fatakwal. A 1977 aka soke kuɗin koyarwa. Ɗalibai su ka yi ta ƙaruwa, tukunya na ƙara girma. Ba a daɗe ba kasuwar mai ta yi sanyi, nauyi ya soma rinjayar mai ɗauka.

Saboda haka a 1978, zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo, Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, wadda Dokta Jibril Aminu ke sakatarenta, ta ba da sanarwar ƙarin kuɗin abinci da na ɗakin kwana. Hujjar Gwamnati ita ce, tsadar kaya ta sa abin da ɗalibi ke biya bai taka kara ya karya ba, ga kuma miliyoyin yara da aka ɗiba firamare kyauta tun 1976 suna jiran nasu rabo. Ɗalibai su kuma su ka ce ƙarin zai kori 'ya'yan talakawa daga jami'a, ya bar ta ga 'ya'yan masu hali. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, amma ba wanda ya sassauta.

Ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa duka, wadda Segun Okeowo na Jami'ar Ikko ke shugabanta, ta umarci a ƙaurace wa darasi tun daga ran 17 ga watan Afrilu. Fushinsu ya sauka kan Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, shi ya sa a ke kiran rikicin “Ali Must Go”, watau dole Ali ya sauka. Kashegari aka harbe wani ɗalibi mai suna Akintunde Ojo a Ikko. Da labari ya iso Zariya sai ɗaliban Samaru su ka fito, aka turo soja, aka harbe waɗansu daga cikinsu. Gwamnati ta rufe jami'o'i, ta haramta ƙungiyar ɗalibai, ta kuma sallami shugabannin jami'o'in Ikko da Zariya tare da waɗansu malamai. Ƙarin kuɗi kuwa ya zauna daram.

Yadda Aka Kife Tukunya

A farkon shekarun 1980 kuɗin mai ya sake faɗuwa, Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982. Soja su ka karɓi mulki ran 31 ga watan Disamba na 1983, a 1984 kuma Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta janye hannunta daga ciyad da ɗaliban jami'a. Aka ba 'yan kwangila hayar ɗakunan cin abinci su riƙa sayarwa bisa farashin kasuwa, waɗansu ɗakunan kuma daga baya aka mai da su wurin karatu ko na taro. Al'adar da aka soma a 1948 ta ƙare ke nan, bayan shekara 36.

Ciki dai ba ya jiran doka. Nan da nan mata masu tuwo su ka kafa rumfuna a gefen makarantu, masu shayi su ka jera tebura, masu ƙosai da masu tsire su ka kama ƙofofi. Ɗalibai su ka shigo da risho da tukwane ɗakunan kwana, kowa ya dawo hutu da ƙullin garin rogo, da shinkafa, da yaji, da ƙuli-ƙuli, da manja. Bayan 1986, da darajar naira ta faɗi, har lissafi ɗalibai su ka ƙago na raha don bayyana halin da su ke ciki. In mutum ya ce yau 1-0-1 ya ke yi, nufinsa ya karya kumallo, ya tsallake na rana, ya ci na dare. Mai 0-0-1 kuwa sai dare ya ke sa wani abu a bakinsa.

Abin da Aka Samu da Abin da Aka Rasa

In aka auna zamunnan nan biyu da adalci, za a ga kowanne na da riba da hasara. Wajen yawan iri, zamanin kasuwa ya fi. Wanda ya zaga rumfunan wata babbar jami'a zai tarad da tuwon shinkafa, da masa, da ɗanwake, da alale, da amala, da sakwara, da taliyar Indomie da ƙwai, da fura da nono, kowa ya sayi irin na gidansu. Wanda bai iya girki ba ya ɓace da kansa, don masu saye sun guje shi.

Abin da aka rasa shi ne tabbaci. Dā ɗan sarki da ɗan manomi layi ɗaya su ke bi, ludayi ɗaya ke zuba musu, ba wanda ke shiga jarrabawa da yunwa don ubansa matalauci ne. Da aka kife tukunya sai cin kowa ya koma gwargwadon aljihun ubansa. Lokacin da ya kamata a yi nazari wani ya kan ƙare shi wajen neman kananzir da ruwan girki. Dā kuma ɗakin girki ɗaya a ke dubawa don tsabta, ga shi ya zama rumfuna barkatai.

Komawa ga tsohon tsari yadda ya ke abu ne mawuyaci, gama ɗalibai 104 ba ɗaya su ke da na zamanin da jami'o'in Nijeriya su ka haura 250 ba, kamar yadda su ka yi a 2024. A wannan shekara ce Gwamnatin Tarayya ta soma sabon shirin ba ɗalibai rancen karatu, ta haɗa da naira 20,000 kowane wata don abin sawa a baki. Watau bayan shekara 40 hukuma ta sake amsa cewa cikin ɗalibi na cikin lissafinta, sai dai wannan karon bashi ne, wanda zai biya in ya kama aiki.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in Allah ya sa ɗanka ko 'yarka ta kai jami'a, kada ka tsaya ga tambayar kuɗin rajista da na littattafai kaɗai. Ka tambayi inda za ta ci, da abin da za ta ci, da nawa zai ci a wata, ka ware mata rabonta tun ranar da ka ke zuba hatsi a rumbu. Allah ya ba yaranmu ilmi mai amfani, ya ƙosad da su daga yunwa, amin.