Hakin da Ka Raina: Tarihin Na'urar Ɗiga wa Sarƙar Babur Mai

Da kuɗin acaɓa na yi karatun digiri. Yayana ne yake fita da babur tun bayan sallar asuba, abin da ya samu a raba shi uku: na cefanen gida, na man fetur, da na makarantata. Ina aji biyu a jami'a sarƙar babur ɗin, wadda bakanikai ke kira cen, ta zame daga haƙoranta yana cikin gudu, ta maƙale tayar baya. Allah ya kiyaye ransa, amma ya samu karaya a kafaɗa, ya yi wata uku yana jinya, ni kuma da ƙyar na biya kuɗin rajistar zangon. Da bakanike ya ɗaga sarƙar ya nuna mana, sai ga ta a bushe ƙayau, ta yi ja da tsatsa da ƙura. Ya ce man naira kaɗan ne da ya hana wannan asara. Tun ranar nake tambayar kaina: shekara fiye da ɗari ana ƙera babur, ba a taɓa samun wanda ya ɗauke wa mahayi wannan ɗawainiya ba? Da na bi sawun tambayar, sai na tarar an yi ta ƙoƙari, kuma tarihin ƙoƙarin ya girmi babur ɗin kansa.

Mafarin labarin yana kan titin jirgin ƙasa. A tsakiyar ƙarni na 19 sai an riƙa tsayar da jirgi lokaci zuwa lokaci domin ma'aikaci ya zagaya da butar mai ya shayar da sassan da ke gogayya. Cikin masu wannan aiki a jihar Mishigan ta Amurka akwai Elijah McCoy, baƙar fata, haifaffen Kanada, ɗan iyayen da suka tsere daga bauta. Ya koyi aikin injiniya a Edinbara ta ƙasar Sikotland, amma da ya dawo bai samu aikin da ya wuce zuba wa tukunyar jirgi gawayi da shafa mai ba. A 1872 ya yi rajistar wani ɗan kofi da ke sakin mai a hankali zuwa cikin inji yayin da injin ke aiki. Ba shi kaɗai ya ƙera irin wannan ba a zamaninsa, amma tunanin da ke ciki shi ne tushen duk abin da ya biyo baya, wato inji ya riƙa shayar da kansa maimakon ya jira hannun mutum.

Ita kuwa sarƙar da muka sani a yau, Hans Renold ne, ɗan asalin Suwizalan mazaunin Mancesta, ya fito da siffarta a 1880. Kowace gaɓa tana da ƙusa da ke juyawa cikin ɗan bututu, sannan wani zobe ya lulluɓe bututun, shi ne yake hawa haƙoran faifai. Sarƙar babur tana da irin wannan gaɓa fiye da 100, kowace kuma tana lanƙwasawa tana miƙewa duk sa'ad da ta zagaya faifan. Idan babu mai tsakanin ƙusa da bututu sai su riƙa cin juna. Wannan ne abin da mahaya ke cewa sarƙa ta saki: ƙarfen bai miƙe ba, gaɓoɓin ne suka cinye, ramin kowace ya ƙaru da kaɗan, har jimillar ta sa sarƙar ta daina zama daidai kan haƙora.

Baburan farko da yawa da bel na fata suke juya tayar baya, amma bel yana santsi idan ya jiƙe, kuma ba ya ɗaukar ƙarfin babban inji. Sannu a hankali sarƙa ta ƙwace fagen, ta zo da lalurarta. Daga nan masu ƙira suka rabu gida uku.

Gida na farko suka ce a rufe sarƙar ruf. Kamfanin Sunbeam na garin Wolverhampton a Ingila ya yi suna tun yana ƙera kekuna da wani akwati da sarƙa ke gudu a ciki tana tsoma kanta cikin ɗan mai, kuma da ya fara ƙera babura a 1912 ya ci gaba da rufe sarƙoƙinsa. Wannan dabara ce Honda ta ɗauka a kan Super Cub na 1958, babur ɗin da zuwa 2017 aka ƙera fiye da miliyan 100 nasa. Murfin gwangwanin da ke jikin baburan acaɓa na ƙasashen Indiya da Sin da suka cika titunanmu jikan wannan akwati ne, ko da yake shi ba ya riƙe mai, ƙura da laka kawai yake tarewa.

Gida na biyu suka ce a rabu da sarƙar gaba ɗaya. BMW ta Jamus ta fito da R32 a 1923 da sandar ƙarfe mai juya tayar baya, Harley-Davidson kuma ta koma ga bel mai haƙora a 1980. Duka biyun sun huce takaicin mai, sai dai ba su kai sarƙa arha da sauƙin gyara ba, shi ya sa har yau mafi yawan baburan duniya da sarƙa suke tafiya.

Gida na uku su ne magadan McCoy. Tsofaffin baburan Ingila irin su Triumph suna da wani ɗan bututu da ke ɗebo baƙin mai daga hanyarsa ta komawa tanki ya ɗiga a kan sarƙar baya. Honda CB750 na 1969 yana tsiyayo mai ta cikin sandar da ke juya ƙaramin faifan gaba, Kawasaki Z1 na 1972 kuma ya zo da tankin man sarƙa na musamman da ɗan famfonsa. Matsalar duk waɗannan ita ce awo. Idan man ya yi kaɗan ba a yi komai ba, idan ya yi yawa ya fantsama kan taya da tufafin mahayi, mai a kan tayar babur kuwa kiran haɗari ne. Da aka samu sarƙa mai 'yan zobban roba a shekarun 1970, waɗanda ke kulle giris a cikin kowace gaɓa tun daga masana'anta, sai kamfanoni suka yi watsi da na'urorin ɗigar mai.

Amma sarƙa mai zoben roba ba ta kashe bakin zancen ba. Giris ɗin ciki yana kare ƙusa da bututu ne kawai. Zoben waje da haƙoran faifai suna nan a fili, robar ma tana tsagewa idan ta bushe. Shi ya sa littattafan kamfanoni suka ci gaba da umartar mahayi ya shafa mai bayan kowace tafiyar kilomita 500 zuwa 1,000, kuma mahaya suka ci gaba da mantawa. Wanda ya cike wannan giɓi shi ne Fraser Scott, wani mahayi ɗan Sikotland da ya gaji da wankin sarƙa a ƙasar da ruwan sama ba ya ɗaukewa. A shekarun 1980 na'urarsa, Scottoiler, ta shiga kasuwa daga yankin Gilasgo. Ɗan tulun mai ne ake ɗaurawa a jikin babur, da siririn tiyo da ke haɗe da hanyar da inji ke zuƙo iska. Da an tayar da inji, zuƙar nan sai ta ɗaga bawul, mai ya gangaro da nauyinsa, kimanin ɗigo ɗaya a minti, ya sauka kan faifan baya, juyawar faifan ta watsa shi cikin gaɓoɓin sarƙa. Da an kashe inji bawul ya rufe. Man tsinkakke ne, ba ya danƙo, saboda haka yana fita da datti maimakon ya riƙe shi. Rauninta shi ne zafi yana ƙara tsinka mai ya riƙa zuba da sauri, sanyi kuma ya daskarar da shi. Daga baya aka samu masu famfon lantarki, da masu buɗewa da girgizar hanya, har a 2020 BMW ta sanar da wata sarƙa mai rufi na musamman da ta ce ba ta buƙatar mai.

Da na gama bin wannan tarihi sai na lura cewa kowace dabara hanyar da aka haife ta a kai take yi wa hidima. Scott da ruwan sama da doguwar kwalta ya yi fama. Mu kuwa abokin gabarmu ƙurar hunturu ce da yashin hanyar ƙauye, kuma abin da aka saba zubawa shi ne tsohon baƙin man da aka juye daga inji, wanda idan ya haɗu da yashi a kan buɗaɗɗiyar sarƙa sai ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. Yayana ya cire murfin sarƙarsa ne wata shida kafin haɗarin, don ya lotse yana damunsa da ƙara. Ashe kariyar da ta fi dacewa da hanyarsa, wadda aka gada tun zamanin Sunbeam, ita ya jingine a bayan ɗaki.

Bayan ya warke mun mayar da murfin. Ni kuma ƙaramin sanina ya sa na ɗaura gorar roba da tiyon ƙarin ruwa irin na asibiti a ƙarƙashin kujera, na saita shi yana ɗiga ta ramin duba sarƙa. Kwana biyu abin yana aiki. A na uku ya manta bai rufe ba da dare, muka wayi gari man ya malale a zaure. Nan na gane cewa ɗigar da mai ba ita ce wahalar ba, tsayar da shi idan inji ya tsaya ita ce, kuma ita McCoy da Scott suka warware. Har yanzu ina neman bawul mai arha da bakaniken bakin titi zai iya haɗawa da kayan da ke shagonsa. Kafin in samu, yayana ya ɗaura mantuwarsa a kan ranar da ba ta wuce shi: kowace Juma'a, kafin ya tafi masallaci, sai ya buɗe murfin, ya goge sarƙar da tsumma, ya ɗiga mata sabon mai.