Haɗaɗɗen Maganin Hawan Jini: Abin Da Ya Kamata A Kiyaye

Haɗaɗɗen maganin hawan jini ƙwaya ɗaya ce mai ɗauke da magunguna biyu, kamar amlodipine da telmisartan, ko lisinopril da hydrochlorothiazide. A shekarar 2019 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya irinsa cikin jerin muhimman magunguna, ganin cewa ƙwaya ɗaya ta fi sauƙin sha kullum.

Babban haɗarinsa shi ne ninka magani. Wanda likita ya rubuta wa haɗaɗɗen a asibitin Kafanchan, ya kuma sayi amlodipine a kemis ɗin Zonkwa ko Kagoro, zai iya shan abu ɗaya sau biyu bai sani ba, jininsa ya yi ƙasa, jiri ya kwashe shi. Don haka a karanta sunayen biyu da ke jikin kwali, a duba lambar NAFDAC.

Lisinopril da telmisartan na cutar da ɗan tayi, saboda haka mai juna biyu ta sanar da likita nan take. Hydrochlorothiazide kuwa yana ƙara fitsari, sai manoman citta na Kachia da Jaba masu wuni a rana su kula da shan ruwa. Yawan gishiri, kanwa, ibuprofen da diclofenac na rage ƙarfin maganin.

Kumburin leɓe ko harshe na bukatar asibiti cikin gaggawa. Kada a daina shan magani don jiki ya yi sauƙi, domin hawan jini kan yi ɓarna ba tare da wata alama ba.