Liman Mai Lasisi: Ikon Ɗaurin Aure a Tarihin Gana

A fiƙihun Malikiyya, wanda fataken goro suka tafi da shi Salaga da Kumasi da Akra, aure yana ƙulluwa ne da waliyyi da sadaki da shaidu biyu da siga. Liman ba sharaɗi ba ne. Ana gayyatarsa domin huɗuba da addu'a, amma wakilin ango ne ke nema, waliyyin amarya ya bayar.

Turawan Ingila ba su saba da wannan tsari ba. Dokar aure da suka kafa a 1884 ta ba da ikon ɗaurawa ga jami'in rajista da limamin coci, kuma aure ne na mace ɗaya. Da suka waiwayi Musulmi a 1907, sai suka auna su da mudun coci: suka ƙirƙiro muƙamin liman mai lasisin gwamnati. Dokar ta wajabta wa ango da waliyyi da shaidu biyu da wannan liman su hallara a ofishin Di'o cikin mako guda, su sa hannu a rajista. In ba a yi haka ba, babu auren Musulunci a idon hukuma, ko da zango duka ya shaida an raba goro.

Mafi yawan mutane ba su je ba. Wanda malamin unguwarsu ya shafa wa fatiha, me zai kai shi wurin Bature neman tabbaci? Illar ba ta bayyana ranar biki, sai ranar rabon gado. Dokar ta ɗaure rabon gado bisa shari'a da rajistar aure, don haka idan mamaci bai yi rajista ba, kotu kan mayar da dukiyarsa ƙarƙashin al'adar ƙabilarsa. A cikin Akan, masu gado ta wajen uwa, wannan na iya barin bazawara da 'ya'yanta hannu rabbana, dangin uwar mamaci su kwashe.

A 1985 gwamnatin Rawlings ta kafa dokar gado ta bai ɗaya, ta soke wancan sashe, ta yanka wa mata da 'ya'ya kaso ko wane irin aure aka yi. Sharaɗin liman mai lasisi da wa'adin mako guda kuwa ba a taɓa su ba.