Citra da Rikicin Makulli

A shekarar 2000, wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta raba gardama tsakanin Sony da Connectix. Ta ce tona asirin na'urar PlayStation domin ƙera manhajar da ke kwaikwayonta a kwamfuta bai saɓa wa dokar haƙƙin mallaka ba. Masu ƙera irin waɗannan manhajoji sun daɗe suna fakewa da wannan hukunci. Sai dai tun 1998 dokar DMCA ta haramta karya makullin fasaha da aka sa wa aikin mai haƙƙi.

Wasannin Nintendo 3DS, na'urar hannu da ta fito a 2011, a kulle suke zuwa, haka ma fayilolin sabuntawa masu gyara kurakuransu. Citra, manhajar kwaikwayon 3DS, ba ta karanta su sai an buɗe, ko an ba ta mabuɗan da mutum ya ciro daga na'urarsa. Wanda ba shi da na'urar kan nufi shafukan da ke raba buɗaɗɗun fayiloli, inda babu mai lamunce masa cewa abin da ya sauke ba muguwar manhaja ba ce.

A Fabrairun 2024 Nintendo ta maka Tropic Haze, masu Yuzu mai kwaikwayon Switch, a kotu bisa zargin karya makulli. A Maris aka sasanta kan dala miliyan 2.4, aka rufe Yuzu. Citra ma ta bi sahu, domin hannu ɗaya ke riƙe da su. Sulhun ya hana kotun amsa babbar tambayar: shin wanda ya sayi wasa da kuɗinsa yana da ikon buɗe shi?