Yadda Romeo Ya Shiga Makarantar Sakandare

A shekarar 1936 kamfanin MGM na Amurka ya fitar da fim ɗin Romeo da Juliet, bai kuma yi ƙyashin kashe masa kuɗi ba. An gina titunan birnin Verona a harabar kamfanin, an ɗinka tufafi irin na Italiyar da, har malamin jami'a aka ɗauko ya zauna yana lura kada a yi wa kalaman Shakespeare karan tsaye. Sai dai Leslie Howard da ya fito a matsayin Romeo shekararsa 43, Norma Shearer da ta fito a Juliet kuwa ta haura 30, alhali a wasan an faɗa ƙarara cewa yarinyar ba ta cika 14 ba. Fim ɗin bai mayar da kuɗinsa ba, kuma ba wuya a gane ɗaya daga cikin dalilan. Labarin na yara ne da suka haɗu yau, suka yi aure gobe, suka hallaka kafin mako ya zagayo. Gaggawar da za a tausaya wa yaro a kanta, idan ta fito daga magidanci sai ta koma wauta. An kiyaye kowane harafi, an yar da abin da ke riƙe da labarin. Shi ya sa nake ganin masu kukan cewa finafinan matasa sun wulaƙanta tsofaffin wasannin kwaikwayo suna auna abin da bai kamata a fara aunawa ba. Abin dubawa shi ne ko sabon muhallin da aka kai labarin yana da shinge na gaske, wanda zai hana mutanen cikinsa abin da suke so, kamar yadda tsohon muhallin ya hana su.

Da farko ma, wanda ake cewa an ci amanarsa shi kansa gwanin gyara labarin wasu ne. Marubutan Italiya irin su Luigi da Porto da Matteo Bandello sun riga shi ba da labarin Romeo, sannan a 1562 wani ɗan Ingila, Arthur Brooke, ya tsara shi cikin doguwar waƙa, ya yi mata gabatarwa ta wa'azi yana jan kunnen matasa kan bijire wa iyaye. Shakespeare ya ɗauki waƙar ya zubar da wa'azin, ya matse watannin labarin suka koma 'yan kwanaki, ya rage shekarun Juliet, ya kuma cika bakin Mercutio, abokin Romeo, da raha da shaƙiyanci. Othello ma daga wani labari na Cinthio na 1565 ya samo shi. Masu kallon wasanninsa a gidan wasa na Globe, wanda aka gina a Landan a 1599, sun haɗa da manyan gari da talakawa, kuma wanda ya biya kwabo ɗaya a tsaye yake kallo a gaban dandamali, cikinsu har da yaran masu sana'a da suka sulale daga shagon ubangidansu. Bayan mutuwarsa ma ba a daina gyara ba. A 1681 Nahum Tate ya sake wa King Lear ƙarshe, ya bar Cordelia, 'yar sarkin, da rai har ya yi mata aure, kuma wannan gyararren wasa shi Ingila ta riƙa kallo wajen shekara 150. David Garrick a 1748 ya sa Juliet ta farka kafin Romeo ya cika, don su yi bankwana. Al'adar riƙe nassi gam, harafi da harafi, daga baya ta zo.

Abin da fim ya kawo sabo shi ne kasuwar matasa. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya raba manyan kamfanonin fim da gidajen sinimarsu, a daidai lokacin da talabijin ke shiga gida gida. Iyaye suka zauna a falo, waɗanda suka ci gaba da fita da daddare su sayi tikiti su ne samari da 'yan mata masu ɗan kuɗin kashewa. West Side Story, wanda aka fara a dandamali a 1957 aka mayar fim a 1961, ya kai gabar gidajen Montague da Capulet, wato gidajen su Romeo da Juliet, titunan New York, ta zama faɗan 'yan daba tsakanin yaran Turawa da yaran baƙi 'yan Puerto Rico. Ya ci kyautar Oscar 10, kuma ƙarfinsa a wuri ɗaya yake: mai kallo a Amurka ya san cewa ƙiyayyar launin fata tana iya kashe yaro a bakin titi a wannan daren. Franco Zeffirelli kuwa a 1968 ya bi wata hanya. Ya bar labarin a Italiyar da, ya datse kalaman sosai, ya ɗauko Leonard Whiting da Olivia Hussey, dukansu ba su kai 18 ba. Matasa suka yi tururuwa, daga baya malaman makaranta suka mayar da fim ɗin kayan koyarwa.

Fim ɗin da ya buɗe ƙofa da gaske shi ne na Baz Luhrmann, ɗan Ostireliya, a 1996, wanda aka ɗauki mafi yawansa a Meziko. Mai karanta labarai ce a akwatin talabijin take buɗe shi da gabatarwar Shakespeare. Faɗan farko a gidan mai ake yinsa, samari cikin riguna masu furanni suna tsalle daga motoci, kyamara tana matsowa kan bindiga don a ga an rubuta mata sunan takobi a jiki, saboda idan ɗan wasa ya ce a zare takobi maganar ta zauna daidai. Romeo da Juliet suna fara haɗa ido ta cikin gilashin tankin kifi, fuska tana ɓacewa tana dawowa tsakanin kifaye. Leonardo DiCaprio da Claire Danes kalaman Shakespeare suke furtawa, an rage su amma ba a sauya su ba. An kashe wa fim ɗin ƙasa da dala miliyan 15, ya tara fiye da miliyan 140. Masu suka sun ce hayaniya ce irin ta bidiyon waƙa, kuma gaskiya ne wasu baitocin sun nutse cikin ihu. Amma a ƙarshen fim ɗin Juliet tana buɗe ido Romeo bai gama cikawa ba, wato dabarar Garrick ta 1748 ce ta dawo, abin da ake kira ɓarnar zamani ashe ya girmi fim kansa.

Daga nan furodusoshi suka gano makarantar sakandare. A 1999 kaɗai an fitar da She's All That, wanda ya samo tushe daga Pygmalion na George Bernard Shaw, da 10 Things I Hate About You daga The Taming of the Shrew na Shakespeare. Get Over It ya biyo a 2001, She's the Man a 2006 ya mayar da Twelfth Night labarin yarinyar da ta shiga kayan ɗan'uwanta don ta buga ƙwallon ƙafa a makarantar kwana. Ana iya cewa kwaɗayin kuɗin yara ne kawai, amma akwai dalili mai zurfi. Tsofaffin wasannin suna tafiya ne a kan ikon uba, da bambancin asali, da tsoron abin kunya a gari ƙarami. Baligi a Amurkar yau yana auren wanda ya ga dama, in gari ya yi masa zafi ya kwashe kayansa. Ɗan shekara 16 ba shi da wannan damar. Yana ƙarƙashin dokar gida, kullum da safe sai ya koma cikin mutanen da suka san sirrinsa, ga rukuni rukuni na 'yan ƙwallo da 'ya'yan masu kuɗi da 'yan boko zalla, kowa ya san teburin da zai zauna a ɗakin cin abinci. A wasan The Taming of the Shrew attajiri Baptista ya ce ba zai aurar da ƙanwa ba sai an auri yayarta mai kaifin baki. A fim ɗin 10 Things I Hate About You, wanda Karen McCullah da Kirsten Smith suka rubuta, uban likita ne mai karɓar haihuwa, wanda ganin ƙananan yara da ciki ya firgita shi, sai ya kafa doka cewa ƙanwar, Bianca, ba za ta fita da saurayi ba sai in yayarta Kat ta fita. Dokar ta zauna daram, duk abin da ya biyo baya daga gare ta ya tsiro.

Hujjar da ke ƙara tabbatar da haka tana Indiya, kuma masu kallo a Kano da Kaduna da Damagaram sun san ta tun da daɗewa. Qayamat Se Qayamat Tak na 1988, wanda ya fito da Aamir Khan, labarin masoya ne daga gidaje biyu masu gabar jini, kuma bai nemi wata makaranta ya fake da ita ba, domin ikon dangi a kan aure yana nan da ransa. Haka Vishal Bhardwaj ya kai Othello cikin siyasar daba da bambancin asali a Omkara na 2006. Inda shingen bai rushe ba, labarin yana shiga kai tsaye.

Suka ta farko mai nauyi ita ce waɗannan finafinai suna cire wa labari ɗaci. A wasan asali na The Taming of the Shrew, Petruchio yana hana matarsa abinci da barci har ta sunkuya, ta rufe wasan da doguwar huɗuba kan biyayya. A fim Kat ba ta sunkuya ba, jami'ar da take so za ta tafi, saurayin ne ma ya zo neman afuwa. A nan ban ga asara ba, domin tun Shakespeare na da rai John Fletcher ya rubuta wasan martani inda mata ta biyu ta ladabtar da Petruchio, wato ƙarshen bai kwanta wa mutanen zamaninsa duka ba. Inda sukar ta yi gaskiya shi ne a kan wasannin baƙin ciki. Tim Blake Nelson ya ɗauki Othello ya yi fim mai suna O: Odin, baƙar fata ɗaya tilo a makarantar kwana ta 'ya'yan masu hali a kudancin Amurka, tauraron ƙwallon kwando, da Hugo ɗan kocin, wanda hassada ke ci saboda ubansa ya fi nuna wa Odin ƙauna. Fim ɗin bai sassauta komai ba, da kisa ya ƙare. A watan Afrilun 1999 wasu ɗalibai biyu suka buɗe wuta a makarantar Columbine da ke Colorado, kamfanin Miramax ya jingine fim ɗin, bai fito ba sai a 2001 ta hannun wani kamfani. Kasuwa ta koyi darasi cewa barkwanci ya fi sauƙin sayarwa. Abin takaici ne, domin O yana cikin waɗanda suka fi fahimtar wasan da suka ɗauko, ya gane cewa makaranta wuri ne da raɗa ɗaya ke iya rusa mutum.

Suka ta biyu ta fi wuyar amsawa. Idan labaran aro ne, to abin da Shakespeare ya mallaka shi ne harshe, kuma fim ɗin da ya zubar da harshen ya koma matsayin Brooke da Bandello. Akwai gaskiya a ciki, kuma ɗalibin da ya kalli O ya shiga jarrabawar WAEC a shekarun da Othello ke cikin manhaja, ba zai amsa tambayar da ta shafi baiti ba. Amma gudummawar Shakespeare ba ta tsaya a baiti ba. Matse lokaci nasa ne, jeranta fage nasa ne, haka ma Iago, makircin wasan Othello, da ba ya bayyana dalilinsa. Waɗannan suna tsallaka harshe. Lokacin da Ibrahim Yaro Yahaya ya kawo Twelfth Night cikin Hausa da sunan Daren Sha Biyu, baitocin Ingilishi ba su biyo shi ba, duk da haka hidima ya yi wa masu karatu. Fim bai ƙona littafi ba, yana nan ga mai so, aikin malami ne ya ajiye su gefe da gefe ya sa ɗalibi ya nuna abin da ya ɓace da dalilin ɓacewarsa.

Yanzu waya ta sake canza lissafi. Mutuwar Romeo ta rataya ne a kan wasiƙar da ba ta isa ba, kuma a 1996 Luhrmann ya iya warware wannan da ɗan aiken kamfanin kai saƙo da ya zo bai tarar da shi ba. Yau kowane yaro zai tambaya me ya hana a kira shi. Don haka masu fim suka karkata ga wasannin da waya ke ƙara wa ƙarfi. Cyrano de Bergerac na Edmond Rostand, ɗan Faransa, na 1897, labarin mai fasahar magana ne da ke rubuta wa wani wasiƙun soyayya zuwa ga wadda shi kansa yake so, saboda yana kunyar fuskarsa. Netflix ya fitar da Sierra Burgess Is a Loser a 2018 da The Half of It a 2020, duka a makarantar sakandare, duka a kan saƙon da ake turawa da sunan wani. A 2023 kuma Anyone But You ya ɗauko Much Ado About Nothing na Shakespeare, wasan da ginshiƙinsa shi ne abokai su shirya magana a inda suka san ana sauraronsu, ya kuma tara fiye da dala miliyan 200.