Tarihin Tsaron Kogin Rayin daga Dagwalon Masana'antu

Kogin Rayin ya taso ne daga duwatsun Suwizalan, ya bi iyakar Jamus da Faransa, ya ratsa Jamus da Holan, sa'an nan ya faɗa teku wajen Rotadam. Tsawonsa kamar mil 765 ne. Tun cikin ƙarni na 19 manyan masana'antun rini da magunguna da ƙarfe suka kafu a gaɓarsa, ga kuma birane masu yawa, kowa na zuba dagwalonsa a ciki. Wahalar tsaron kogi irin wannan ita ce, mai ɓata ruwa yana sama, mai shansa yana ƙasa, kuma ba hukuma guda ke mulkinsu ba.

Kifi ne ya fara nuna alamar ɓarna. Akwai wani babban kifi da a ke kira samon, wanda kan girma a teku, ya hauro kogi don ya yi ƙwai. A 1885 Jamus da Holan da Suwizalan suka ƙulla yarjejeniya a kan kamunsa, amma ba ta hana shi raguwa ba, gama ba masunta kaɗai ke kashe shi ba, har da madatsai da ruwa maras kyau. Kafin ƙarshen shekarun 1950 ya ɓace daga kogin ƙaf.

Mutanen Holan, da ya ke su ne na ƙarshen kogi, su suka matsa har aka kafa hukumar ƙasashe ta tsaron Rayin a birnin Basal a 1950. Ƙasashe biyar ke ciki: Suwizalan, da Faransa, da Jamus ta Yamma, da Luksambag, da Holan. Aikinta na fari awon ruwa ne kurum, ba ta da ikon hana kowa kome. Tana cikin awo, a 1969 wani maganin ƙwari ya shiga kogin ya kashe kifi ba iyaka, a 1971 kuma iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa ta kusa ƙarewa a ƙasan kogin.

Babu abin da ya bayyana halin ƙasashen nan kamar rigimar gishiri. A lardin Alzas na Faransa a na haƙar wata irin kanwa da a ke yin takin zamani da ita, gishirin da ya rage kuwa sai a tura shi kogi. Da wannan ruwa manoman Holan ke ban ruwan lambunansu, shuka ta riƙa lalacewa, har waɗansunsu suka kai ƙara a 1974. A 1976 aka sa hannu a yarjejeniya a birnin Bon, cewa Faransa za ta riƙa dura wani kashi na gishirin can ƙarƙashin ƙasa. Abin lura shi ne rabon kuɗin aikin: Holan 34 cikin ɗari, Faransa 30, Jamus 30, Suwizalan 6. Watau wanda aka cuta shi ya fi kowa biya. Duk da haka mutanen Alzas suka ƙi, don tsoron kada ruwan rijiyoyinsu ya ɓaci. A 1979 gwamnatin Faransa ta janye maganar daga gaban majalisarta, Holan ta fusata ta kira jakadanta gida. Yarjejeniyar ba ta fara aiki ba sai 1985, shari'ar manoman kuwa sai 1988 ta ƙare, suka yi nasara bayan shekara 14.

Ran 1 ga Nuwamba 1986, da dare, gobara ta tashi a wani ɗakin ajiya na kamfanin Sandoz kusa da Basal. Ruwan da aka kashe wutar da shi ya kwashi maganin ƙwari wajen tan 20 zuwa 30 ya kwarara cikin kogi. Wani rini da ke cikin kayan ya mai da ruwan ja wur. Kifin nan mai kama da maciji ya mutu har nisan mil 250, garuruwan da ke shan ruwan Rayin suka rufe famfunan ɗiba har can Holan.

Masu ba da labari sukan ce wannan gobara ce ta ceci kogin. Maganar tana da gaskiya, amma ba duka ba. Tun cikin shekarun 1970 birane da masana'antu suka kashe kuɗi mai yawa wajen gina wuraren tace dagwalo, kuma da kifi bai riga ya fara komowa ba, da ba a sami wanda zai mutu a 1986 ba. Abin da gobarar ta yi shi ne, ta sa na sama ma suka ga ɓarna a ƙofar gidansu, jama'a suka fito tituna, ministoci suka ji kunya. A 1987 a Sitirasbug aka amince da wani shiri wanda ba shi da ƙarfin doka irin na yarjejeniyar Bon, amma yana da wa'adi: a rage manyan abubuwa masu guba da rabi kafin 1995, samon kuma ya komo kafin 2000. Wanda ya zaɓi kifi ya zama ma'auni ya yi dabara, gama talaka bai san awon guba ba, amma ya san ko akwai kifi ko babu. Yawancin abubuwan nan an rage su fiye da yadda aka yi alkawari, kuma a 1990 aka ga samon a Zig, wani ƙaramin kogi da ke shiga Rayin kusa da Bon.

Samon bai tsaya da ƙafarsa ba tukuna, har yanzu sai an ƙyanƙyashe 'ya'yansa an zuba, ko da ya ke an gina masa matakala a madatsar Ifezhaim a 2000, Holan kuma ta fara buɗe ƙofofin madatsar Haringfilit kaɗan a 2018 don ya sami hanya. Gishirin Alzas kuwa, yarjejeniya ta rage shi kaɗan, amma abin da ya kashe maganar shi ne tsayawar haƙar kanwar a 2002.