Daga Galadima Zuwa Gwanjo: Tarihin Laftof Mai 'Yanci

Da yawanmu mun taɓa sa Linux a tsohuwar laftof, muka ce shi ke nan mun kuɓuta daga kamfanoni. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba.

A 1983 Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU a Amurka. Burinsa a samu manhajar da mai kwamfuta zai yi aiki da ita, ya leƙa cikinta, ya gyara, ya raba wa wanda ya ga dama. 'Yanci ake nufi, ba kyauta ba. Bayan fitowar Linux a 1991 aka haɗa cikakken tsarin aiki. Sai dai 'yar manhajar da ke tayar da na'ura kafin komai, wato BIOS, tana nan a kulle a hannun mai ƙira.

A 2005 Nicholas Negroponte ya zo da shirin OLPC: kowane yaro da laftof ɗinsa a kan dala 100. Ranar da aka nuna samfurin a Tunis, marikin da ake juyawa don caji ya ɓalle a hannun Kofi Annan. Duk da haka aka ci gaba, kuma a 2007 makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja tana cikin wuraren farko da aka gwada wannan koriyar na'ura mai suna XO. Kuɗinta bai taɓa sauka zuwa 100 ɗin ba, ya tsaya wajen dala 188.

Abin da ya ja hankalin Stallman shi ne XO ba ta da kullallen BIOS. A 2008 ya koma aiki da ita. Amma wifi ɗinta ba ya tashi sai da wata manhajar da ba a buɗe ba, sai ya goge ta, ya haƙura da wifi ɗin. Mu tsaya mu yi tunani, mu nawa ne za mu iya haka? Ana cikin haka, a watan Mayun shekarar, OLPC ta shirya da Microsoft a kan sa Windows XP. Ba za mu ɗora wa Negroponte laifin duka ba, don gwamnatocin da za su saya Windows suka sani. Amma uzurin bai gamsar da mu ba: an ce yara za su koyi buɗe cikin na'ura, sai ga shi ana miƙa musu akwati da kwaɗo.

Mafita ta ɓullo daga inda ba a zata ba, wato Sin. Kamfanin Lemote ya ƙera Yeeloong, 'yar ƙaramar laftof mai ƙwaƙwalwar Loongson, wadda Windows ba ya ma hawa kanta. Tun daga manhajar tayarwa har sama a buɗe take. Stallman ya sa mata gNewSense ya yi ta yawon duniya da ita. Tana da nauyin jiki, gaskiya, amma shi yawancin aikinsa rubutu ne. A Yunin 2012 aka sace masa jaka da ita a ciki a jami'ar Buenos Aires.

A Disambar 2013 gidauniyar FSF ta ba laftof ta farko shaidar mutunta 'yancin mai ita. Ba sabuwa ba ce. ThinkPad X60 ce ta 2006, 'yar gwanjo, da aka gyara a Ingila: aka cire BIOS aka sa wanda daga baya aka sani da Libreboot, aka ɗora Trisquel. A 2015 X200 ta biyo baya.

Me ya sa sai tsofaffi? Saboda Intel ya dasa wata 'yar kwamfuta a cikin na'urorinsa, Management Engine, mai aiki ba da sanin mai laftof ba. A X200 ana iya share manhajarta kakaf. A waɗanda suka zo bayanta, in aka share duka, na'urar ta ƙi tashi ko ta mutu bayan minti 30. Ko a X200 ɗin ma sai an zare katin wifi na Intel an sa na Atheros.